Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Likitan Inna

Bayan fitowar kashi na shida ɗan ƙanena ya bugo mini waya, wai na matsa wa Baffa, mutum ya riga mu gidan gaskiya a bar shi ya huta. Allah Ya jiƙan Baffa, Ya kyautata namu zuwan. Sai dai maganar da ya yaɓa mini a zaure tana nan, shekara hamsin ke nan ina jin ta a kunnena, kuma ba zan iya ba da labarin Inna in tsallake ta ba.

Ina ɗan shekara shida Inna ta fara kirana Likita. A shekarar ne baƙon dauro ya ɗauke yayata. Inna ta goya ta, yarinya 'yar shekara takwas, ta taka da ita har garin da ke da ɗakin shan magani, ta tarar da ƙofa a garƙame, malamin ya tafi birni karɓar albashi. A hanyar dawowa rai ya yi halinsa. Ba ta taɓa ba ni wannan labari da bakinta ba, wajen Gwaggo na ji. Ni dai abin da na sani, bayan sadakar arba'in sunana ya ɓace a ɗakinmu. "Likita, miƙo mini matsami." "Likita, kore mini kajin nan daga kan tunkuza." Matar da ba ta taɓa ganin likita ido da ido ba.

Gari ya ɗauka. Yara su bi ni suna Likitan Inna, a ba mu allura. Ran nan Baffa ya tsare ni a zaure gaban abokan hirarsa, ya dubi faso a ƙafata, ya ce, "Ka gaya wa uwarka, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Gidan nan fartanya muka gada." Aka yi dariya. Na shiga na gaya mata. Tana matsar mai, hannunta duk tunkuza, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "To. Ɗauko littafinka."

Ba ta iya karatun boko ba, amma kullum bayan isha'i sai ta kunna aci-balbal da man da ya kamata ta sayar, ta zaunar da ni in karanta da ƙarfi. In na yi in'ina ta gane, ta ce sake. Har jan biro ta sani. In ta buɗe littafina ta ga ja ya yi yawa, ba ta duka, ba ta faɗa, sai ta ce, "Likita ne ya yi wannan?" Wallahi da ta zane ni da tsumagiya da ya fi mini sauƙi. Na gwada wannan tambayar a kan 'yata ta fari sa'ad da ta faɗi lissafi, ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba, uwarta ta ce in na sake za mu hau sama mu faɗo. Har yau ban gane abin da Inna take haɗawa da ita ba da nawa ya rasa.

A 1976 aka kawo ilimin firamare kyauta, ajinmu ya cika har ana zama gindin darbejiya. A 1977 kuma gwamnatin Kano, lokacin Jigawa ba ta fita ba, ta buɗe makarantun kimiyya biyu, Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, don jihar ta samu likitoci da injiniyoyi 'ya'yanta. Da jarrabawa ake shiga. Ina sakandare aka zo aka yi mana, sunana ya fito Dawakin Kudu. Baffa ya ji, ya ce jifan dai bai gama tafiya ba ne.

A can na fara leƙa madubin likita. Ɓawon albasa aka sa mana, na ga ɗakuna a jere kamar ginin tubali, na kasa ɗauke ido har na bayana ya zungure ni. Malaminmu, wani ɗan Ghana siriri, ba ya karɓar "ba zan iya ba". Sai ya ajiye maka alli a hannu ya koma bayan aji ya harɗe, ko za a cinye lokacin tara. Mu 'ya'yan ƙauye da muka zo da akwatin ƙarfe, yana yi mana magana kamar gobe za a damƙa mana asibiti. Da yawa cikinmu kuwa an damƙa musu.

Sai 1983, shekarar bushiya, annobar shanu. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Saniya ta fara da zazzaɓi, ido na hawaye, baki ya yi gyambo yawu na dalala, sai zawo, cikin 'yan kwanaki ta kwanta. Rugage suka zama kufai. Baffa yana da shanu goma sha ɗaya a hannun Fulani, biyu suka tsira. Na dawo hutu na same shi a zauren nan dai, ya zabga tagumi, rawaninsa a gefe. Zan faɗi gaskiya tunda tsufa ya zo: wani ɓangare na zuciyata ya yi sanyi. Allah Ya yafe mini.

Sakamakona bai kai ni karatun likitan mutane ba. Sashen likitan dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya aka ba ni. Na kwana uku ina ɓoye takardar, ina jin na ci amanar man gyaɗar da aka ƙona saboda ni. Baffa ne ya fasa ƙwan. Ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida: "Ashe likitan jakai za a yi! Ban ce muku komai nisan jifa ba?" Inna ba ta taɓa mayar masa da magana ba tun da aka kawo ta gidan. Ranar ta matso bayan ƙyaure ta ce, "Yaya, da akwai likitan jakai a gidan nan bara, da yanzu kana shan nono." Zaure ya yi tsit. Ta juyo ta ce mini, "Likita, je ka wanke kayanka."

Ba ta ga ƙarshen karatun ba, ina aji uku aka aiko mini. Ranar da aka sanar a 2011 cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya, cuta ta biyu bayan agana, ita na tuna, ba allurar da muka yi ta yi wa shanu a dazuka ba. Baffa kuwa ya sha kawo mini ragunansa, amma har ya koma ga Mahaliccinsa "kai yaron nan" yake ce mini.

Abin da ban taɓa rubutawa ba shi ne wanda ya ɗauki tallan. Tun da na shiga makaranta Inna ta hana ni taɓa farantin ƙuli-ƙuli, ƙanwata ce ta yi ta yawo da shi kasuwa-kasuwa har aka aurar da ita tana sha huɗu. Ta fi ni kai, ita ke yi wa Inna lissafin bashi da ka. Da sallar bana na je gaishe ta, muna hirar Inna, na tambaye ta ita wane suna take kiranta da shi. Ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi.

Ta ce, "Ni? Ke."

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, zan faɗi yadda na sauka Samaru, inda jami'ar take, da naira goma sha biyu.