Gosilon Legas ya cinye min kuloci

Jiya a garejin wani bakanike ɗan Kano da ke Agege na yini, kuma wallahi sai jiyan na san aikin da ƙafata ta hagu take yi duk shekarun nan. Tsohuwar Golf ɗina ce ta fara min wulaƙanci, in taka totur inji ya yi ta ihu kamar zai tashi sama amma motar tana jan jiki kamar mai ciwon baya, ranar Litinin kuwa muna cikin gosilo, wato cunkoson motoci, a wajen Ojota sai ga wani ƙauri ya cika motar har mai ɗakina ta ce ko waya ce ta kama.

Da oga ya sauke giyabos sai ya kira ni ya ce Alhaji zo ka ga aikinka. Ya nuna min fulayiwil, wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke manne da inji, in dai inji na aiki shi ma yana juyawa. Sai kuloci fileti, faifai ne mai fata gaba da baya irin ta birki, tsakiyarsa akwai haƙora da ke zama kan sandar giyabos. Firesha fileti kuma shi ke danne shi da sifirin.

To ni da a tunanina in ka taka ne kuloci yake kamawa, ashe a baibai na fahimta. Lokacin da ƙafarka ba ta kai, a lokacin ne sifirin ya matse kuloci filetin jikin fulayiwil gam, sun zama abu ɗaya, ƙarfin inji na wucewa giya har taya. Kana takawa, wayar kuloci ko man kuloci, ya danganta da irin motar, zai tura wani ɗan zobe da ake kira rilis biyarin ya danna tsakiyar sifirin, firesha fileti ya ɗan ja baya, ɗan kaɗan fa ba wani da yawa ba, filetin ya saki, inji na juyinsa shi kaɗai, shi ya sa giya ke shiga ba gurnani.

Matsalar tana tsakiya, wato rabin kulocin nan da muke ji da shi. Bai kama ba bai saki ba, gogawa kawai yake yana ɗaukar zafi. Ni kuwa da shi nake riƙe mota a hawa don kar ɗan danfo, wato direban bas ɗin haya ta Legas, ya shige gabana, daga Mile 12 har Maryland ƙafata na kai. Oga ya miƙo min kuloci filetin na shafa, fatar ta suɗe har kan ƙusoshin sun fito suna sheƙi, fulayiwil ɗin ma ya yi tabo shuɗi shuɗi.

Yaronsa ya je kasuwar kayan mota ta Ladipo ya sayo saiti guda har da biyarin, kuɗin kam kar ma a tambaya.

Yau da safe na gwada abin da oga ya ce, in layi ya tsaya in sa firi in ja hambirki in sauke ƙafa. Danfo biyu sun shige gabana kafin in sa lamba ɗaya, na bayana kuma ya kwanta kan hon.