Mai sunan Inna

Talata, Sofiya, babban birnin Bulgeriya. Ƙarfe ɗaya saura na dare.

Ƙafafuna sun kumbura. Ɗana Likita ya ce tafiya ce, Alhaji ya ce gishirin cukunsu ne. Duk su biyun sun yi barci sun bar ni da ido biyu.

Da safe ba abin kirki. Wanki, sai waya da Hajiya Ƙarama a kan maganar ɗinkin biki, wadda har yanzu ba ta ƙare ba. Azahar a Banya Bashi, masallacin nan mai kubba na zamanin Turkawa da ke tsakiyar gari, shi kaɗai ne ake salla a cikinsa a duk birnin. Mun sayi safa. Ruwa ya ɗan yayyafa ya ɗauke.

Abin da ya hana ni barci na yamma ne.

Tun shekaranjiya Likita ya ce ya yi mana rajistar cin abincin dare a gidan wata tsohuwa. Na ce a ina ka san ta? Ya ce bai san ta ba, a intanet ake biya, a je a ci abincin gida, ta kuma ba da labarin yadda suka rayu a zamanin kwaminisanci. Na ce yanzu kuɗi za mu biya mu zama baƙi? A garinmu ko almajiri ya yi sallama ana zuba masa, balle wanda ya tsallako teku. Alhaji ya ce in bar surutu, yaro ya riga ya biya. Na yi shiru, amma raina bai so ba, kuma da wannan ran na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa har Mladost.

Unguwar gaba ɗaya benaye ne na kankare, duk kamarsu ɗaya, kamar an juye su daga mazubi guda. Panelki suke ce musu, don bangon ma a masana'anta aka zubo shi falle-falle aka zo aka harhaɗa. Abin da ya fara tarbar mu ƙamshin gasasshen tattasai ne, tun daga bakin titi. Wai lokacinsa ne, kowane gida na gashi ana durawa a kwalba saboda hunturu. Lif ɗin ginin ɗan mitsitsi, ni da Alhaji muka cika shi, Likita ya hau da ƙafa har hawa na shida.

A bakin ƙofa aka tuɓe takalma aka ba mu silifas. Nan na ɗan sauko, na ce to, waɗannan sun san gida. Tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya, gajeriya, baki kamar rediyo. Ta ce mu kira ta Baba, wai a harshensu kaka ke nan. Na ce wannan ba sai an koya mini ba. Ban da mu akwai wasu mata da miji daga Kanada, sai wani saurayi ɗan Ostareliya da ba ya kai loma baki sai ya ɗauki hotonta.

Abinci kam ba laifi, gaskiya ɗaya ce. An fara da shopska: tumatir, kokwamba, tattasai, albasa, a kankare farin cuku a rufe su ruf. Baba da kanta ta tona asiri, ta ce kada mu ɗauka girkin kakanni ne, kamfanin yawon buɗe ido na gwamnati, Balkantourist, shi ya fito da shi wajen shekarun 1950 don baƙi, kuma fari da kore da jan da ke cikin farantin su ne launin tutarsu. Sai miyar wake mai na'ana'a, sai banitsa, ɓawon fulawa siriri an naɗe da cuku da ƙwai. Kindirmonsu kuwa sai da ya tuna mini da Fulanin da ke kawo mana nono a Gwarzo, har tsamin. Ta ce ƙwayar halittar da ke sa shi kama jiki ɗan ƙasarsu ne ya gano ta a 1905, Stamen Grigorov, shi ya sa take ɗauke da sunan Bulgeriya. Su sauran an zuba musu rakiya, giyarsu ta inabi, mu aka kawo mana ruwan 'ya'yan itace da aka dafa aka ajiye a kwalba. Ba alade a teburin ko kaɗan. Likita ya sanar tun wajen rajista.

Na manta da maganar kai. Ta miƙo banitsa karo na uku na girgiza kai, ta yi murmushi ta ƙara mini biyu. Girgizawa a nan "e" ce. Likita ya gaya mini sau nawa.

Sai labari. Ta ɗauko jan ƙyallen wuya na 'yan makaranta, da hotonta a gona lokacin da ake kwashe ɗalibai su je girbi da kaka. Todor Zhivkov ya riƙe ƙasar daga 1954 har 10 ga Nuwamba 1989, ta ce ta yi firamare yana nan, ta yi aure yana nan, ta haihu yana nan. Sun zuba kuɗin mota sun jira shekara goma sha ɗaya kafin Moskvich ta fito, har mijin ya fara furfura. Ayaba da lemo sai dab da sabuwar shekara ake ganinsu, a layi, kuma in ka ga layi shiga kake yi tukuna sannan ka tambayi me ake sayarwa. Akwai kantin Corecom mai cakulan da wandon jins da kaset na Turawan yamma, amma sai da dala ko makin Jamus, su kuwa sai dai leƙe ta gilashi. Da ta zo kan hunturun 1984 zuwa 1985, yadda aka riƙa raba wuta, awanni da ita awanni babu, matar Kanada ta dafe ƙirji ta ce innalillahi irin tasu.

Ni kuwa dariya ta ƙwace mini. Ba da niyya ba wallahi. Na ce wa Likita gaya mata wannan a wurinmu ba tarihi ba ne, jiya ma na tabbata an ɗauke a gida. Na ce a 1984 ɗin nan da take faɗa ina 'yar shekara tara, Inna na tura ni layin madara da sukari da sabulu, soja na tsaye da bulala yana daidaita mu, kayan da ake ce wa esenko. Alhaji ya samu ƙofa ya shigo da nasa, wai ai mutanenku ne suka gina mana babban gidan wasan kwaikwayo na Iganmu a Legas saboda bikin al'adu na FESTAC na 1977, kuma kwafin wani gini ne na birninku Varna. Baba ta ji daɗin wannan sosai, ta san ginin Varna, ta je can hutu. Amma nawa zancen bai yi mata daɗi ba, na gani a fuskarta. Na ɓata mata kasuwa. Mutum na sayar da wahalarsa, kin zo kin ce akwai ta a gidanku kyauta.

Kunya ta sa na kwashi faranti na bi su kicin. Baba ta hana, na ƙi. Haka aka rene ni, ba na iya zama kamar namiji ana kwashe kwano a gabana.

A can na same ta. Tun zuwanmu nake ganin giftawarta, doguwa, za ta kai shekara sittin da wani abu, ita ke kawo abinci ta koma, Baba na kiranta da wani suna irin nasu, ni ma da shi na riƙa yi mata sannu duk daren. Tana baranda tana gashi da chushkopek, wata tukunyar lantarki mai rami a tsakiya da ake zura tattasai a ciki ya ƙone fata cikin 'yan mintuna. Na zauna na kama ɓare mata. Na ce bismillah kamar yadda na saba, ban ma san na faɗa ba. Hannunta ya tsaya. Ta dube ni, ta ƙarasa mini: ar-Rahmanir Rahim.

Na ƙwala wa Likita kira ya zo ya yi tafinta da guntun Bulgariyancinsa na asibiti.

Ta ce ita ta hana a sa alade, ita ta wanke tukwanen da hannunta sau biyu. 'Yar yankin Kardzhali ce, can kudu cikin duwatsu, Baturkiya. Ta nuna Likita ta tambaye ni sunansa. Na yi murmushi na ce masa kai faɗa mata. Ta ce a'a, ni ta tambaya. Na ce ba na faɗa. Fuskarta ta canza nan take, ta rage murya ta ce wa ya hana ki? Likita ya yi ta fama yana bayani, ɗan fari ne, a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kiran na miji, kunya ce, girmamawa ce, ba wanda ya hana. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, ku kuna ɓoye suna don kuna da shi.

Daga nan ta faɗa, tana ɓare tattasai ba ta ɗaga kai ba. Ƙarshen Disamba 1984 aka kewaye ƙauyensu da sojoji da 'yan sanda, aka tara su, aka miƙo takarda mai jerin sunayen Bulgeriya, kowa ya zaɓa. Wanda ya yi jinkiri a zaɓa masa. Cikin 'yan watanni an yi wa mutum fiye da dubu 800 haka. Aka hana magana da Turkanci a bainar jama'a, in an ji ka tara ce. Aka hana kaciya, aka hana wandon matansu na gargajiya. Har matattu ba a bari ba, kakanta da ya rasu tun tana ƙarama sai da aka sake masa suna a rajista. Da bazarar 1989 aka buɗe iyaka, sama da mutum dubu 300 suka kwashi abin da za su iya suka tsallaka Turkiyya, gwamnati na cewa yawon buɗe ido suka tafi. Yayanta na cikinsu, a Bursa ya rasu. Ita ta zauna saboda uwarta ba ta iya tafiya. A 1990 aka ce kowa na iya karɓar sunansa, ta karɓa a takarda. Amma da ta zo Sofiya neman aiki sai ta ga wancan sunan ya fi saurin buɗe ƙofa, ta bar shi a bakin mutane. Shekara ashirin suna maƙwabtaka da Baba, suna son juna, tare suke dura kwalaben hunturu, kuma Baba ta san komai. Kawai dai ba ya cikin labarin da ake bayarwa a tebur. Baƙi ayaba suke so su ji, in ji ta, ba tare da wani ɗaci ba.

Watannin da nake layin madara ke nan. Ina ta lissafawa a zuci, hannuna duk baƙin tattasai.

Na ce to mene ne sunanki na yanka? Likita ya rasa yadda zai fassara "na yanka", ya ce na gaskiya. Ta goge hannu a zanin gabanta, ta miƙe zaune sosai, ta faɗa.

Sunan Inna ne. Sak. Sun ɗan lanƙwasa ƙarshensa irin na Turkawa, amma shi ne.

Ta tsaya tana kallon bakina. Na san abin da take jira, ko makaho ya sani. Ni kuma tunda nake a duniya ban taɓa furta wannan sunan ba. 'Yar Yaya da aka yi wa Inna takwara Ummi muke ce mata, ƙawata ta sakandare mai sunan sai da na laƙaba mata wani. Na buɗe baki, harshe ya ƙi. Abin da ya fito shi ne "mai sunan Inna". Likita ya fassara, ya ƙara da nasa bayanin, sunan kakarsa ne, Umma ba ta iya faɗa. Ta yi dariya, ta dafa kafaɗata, ta ce ta gane, ta ce Allah ya ja kwanan mahaifiyata. Likita ya faɗi sunan a madadina, shi jika ne, bakinsa sake yake. Ta amsa masa. Amma ba shi ta tambaya ba.

Da za mu tafi ta cusa mini kwalbar lutenitsa a jaka, tattasai da tumatir da aka niƙa aka dafa har suka yi kauri, ta sa yatsa a leɓe wai kada Baba ta gani, alhali Baba na tsaye tana gani. Na ciro kuɗi, ta ture hannuna da ƙarfi har na ji zafi. Ni da na zo ina mitar an sa ni biyan kuɗin baƙunci.

A jirgi na ba Alhaji labari. Ya ce ke ma dai, da kin faɗa, Inna na Gwarzo ina za ta ji? Likita ya ce Umma ai ta fahimta. Na san ta fahimta. Wanda aka yi shekara biyar ana kiransa da sunan da ba nasa ba, ya iya fahimtar mutane, dole ta koya masa.

Ɗazu na shiga banɗaki na rufe ƙofa na gwada faɗa a hankali, ni kaɗai. Harafin farko ya fito, sauran ya maƙale.

Kwalbar na kan tebur. Likita ya ce ba za a bar ni in shiga jirgin sama da ita a jakar hannu ba, sai dai a naɗe ta cikin zannuwa a babbar akwati. Gobe Plovdiv, motar ƙarfe tara. Ban goge wa Alhaji riga ba.