Yadda muka zaɓi tirelar kwana mai gadon bene don yara huɗu

Mu shida ne a gida, ni da uwargida da yara huɗu, mata biyu maza biyu, muna zaune a Kolumbus ta jihar Ohayo. Iyali mai wannan yawa a Amurka ba ya samun ɗaki ɗaya a otal, don yawancin ɗakunan mutum huɗu aka yarda su kwana, dole ka kama biyu. Ga kuma abinci: da ka bar manyan birane, neman naman halal ya zama aiki. Waɗannan biyun ne suka sa muka fara maganar sayen tirelar kwana, wato ɗaki da falo da kicin da banɗaki a kan taya, ka ja abinka duk inda ka nufa.

Waɗanda ake ja iri biyu ne manya. Akwai wadda ake maƙalawa a ƙugiya can ƙasa wajen bambar mota. Akwai kuma wadda ake kira fif-wil, mai gaba a ɗage wanda yake hawa kan bodin a-kori-kura. Wanda ya taɓa ganin yadda ake haɗa kan tirela da bodinta a garejin manyan motoci ya riga ya san abin: ƙaramin tantebur ne ake ɗaurewa a bodin motar daidai saman tayoyin baya, ƙarfen da ke ƙarƙashin wuyan tirelar ya shiga ya kulle. Tunda nauyin a kan tayoyin yake zaune, ba ta yawan lilo idan babbar mota ta wuce ka da gudu ko iska ta taso, kuma saman wuyan nan shi ne ɗakin kwanan iyaye. Ita muka zaɓa. Abin da za ka haƙura da shi shi ne bodin motar, don tantebur ɗin ya cinye tsakiyarsa.

Wani maƙwabcinmu da ya daɗe yana jan irinta ya ce mini kada in shiga kowace tirela sai na fara buɗe ƙofar direba na karanta sitika mai ruwan ɗorawa da ke jikin ginshiƙin. A nan kamfani ya rubuta iyakar nauyin mutane da kaya da wannan motar za ta ɗauka. Tallan mota kuwa wani adadi yake nunawa, nauyin da za ta iya ja, wanda kullum ya fi burgewa. Ja daban, ɗauka daban. Fif-wil takan ɗora wajen kashi 20 cikin ɗari na nauyinta, wani lokaci har 25, a kan bodin motar. Ɗauki tirelar da iyakar nauyinta laba 12,000 ce, kimanin kilo 5,400. Wuyanta kaɗai zai danna motar da laba 2,400. Ƙara tantebur, wanda shi ma yakan kai laba 200. Ƙara mu shida da jakunkunanmu da kular abinci. An wuce 3,000 tun ba a sa keken yara ba.

Da na yi wannan lissafin a takarda, a-kori-kura F-150 ta kamfanin Ford da makamantanta suka fita daga magana. Abin da ya ba ni mamaki shi ne masu bi musu, irin F-250 da Ram 2500, su ma idan masu injin dizal ne sau da yawa ba sa isa, domin nauyin injin kansa yana cinye abin da ya kamata su ɗauka. Na buɗe ƙofar wata mai dizal mai kujerun fata, na tarar abin da aka rubuta bai kai 2,500 ba. A wani wajen sayar da tirela wani saurayi ya tambaye ni motar da nake shirin saye, na faɗa masa, ya ce za ta ja duk abin da ke filin. Bai yi ƙarya ba, za ta ja. Bai dai tambayi yawanmu ba. Daga ƙarshe wadda ake kira mai tan ɗaya, matakin da ke sama da F-250, muka saya, ta hannu, mai taya ɗai-ɗai a baya.

Abu biyu kuma game da motar. Na farko kujeru: wasu jihohi sun yarda mutum ya zauna cikin fif-wil ana tafiya, amma babu bel a ciki, kuma ni ba zan sa ɗana a can ba. Don haka sai mai ƙofa huɗu wadda kujerar gabanta benci ce mai cin mutum uku, kuma yawancin masu tsadar sun maye tsakiyar da akwatin ajiya. Na biyu tsawon bodi. Mai ƙafa 8 ba ta da matsala. Mai ƙafa 6 da rabi, idan ka karya kwana sosai kana ribas, goshin tirelar na iya dukan gilashin baya, sai ka nemi tantebur mai zamewa baya, wanda ya fi nauyi ya fi tsada.

Sai ɗakin yara, inda muka fi daɗewa. Tsari uku muka gani. Akwai mai ɗakin yara a can ƙarshen baya da ƙofarsa, gadajen bene a gefe ɗaya ko biyu, wasu har da ƙaramin banɗaki na biyu. Akwai mai ƙaramin ɗaki a tsakiya, da wani lungu a samansa da ake hawa da tsani. Akwai kuma mai gareji a baya don babura, inda gadaje suke saukowa daga silin da na'ura. Ta ukun mun bar ta tun da wuri, nauyinta ya yi yawa kuma ba mu da babur.

Yaran sun mutu a kan wata mai gado huɗu a ɗaki ɗaya, kowa ya haye ya zaɓi nasa, har an fara rigimar wa zai kwana sama. Ni ma na ga an gama. Uwargida ce ta ja ni gefe ta ce, “Abban yara, ka manta shekarun babbar? Baɗi fa goma za ta cika.” Magana ta ƙare. Umarnin raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara goma ba ya tsayawa a ƙofar gida don an tafi hutu, kuma gado daban-daban a ɗaki mai faɗin taku biyu, inda a nan kowa zai sauya kaya, bai kwanta mana a rai ba. Masu ƙera waɗannan tirelolin yawan gadaje suke ƙirgawa, su rubuta maka tana kwana da mutum tara ko goma. Mu ƙofofi muke ƙirgawa.

Mai ɗakin tsakiya da lungun sama ita ce ta fi dacewa da mu a takarda: mata a ɗaki, maza a sama. Tsawonta ne ya hana. Yawancin waɗanda muka gani sun kai ƙafa 40 ko sun kusa, kuma wuraren da muke son zuwa ba sa karɓar wannan. A gandun dajin Great Smoky Mountains, wanda shi ne babban gandun ƙasa da muka fi sha'awa a kusa da mu, zangon Cades Cove ƙafa 35 ne iyakar tirela, na Elkmont kuwa 32. A kwarin Yosemite ma 35 ne, kuma guraben da suka kai hakan kaɗan ne. Zangon 'yan kasuwa zai karɓe ka komai tsawonka, sai dai ka biya ninki, ka kwana tsakanin tirela da tirela a kan kankare. Ba don wannan muka bar gida ba.

Sai muka tsaya a kan mai ɗakin baya, 'yar ƙasa da ƙafa 35. Matan suka ɗauki ɗakin da ƙofarsa. Mazan suna kwana a falo, ɗaya a kujerar da ake warewa ta zama gado, ɗaya a wajen teburin cin abinci da ake saukarwa. Kullum sai an ware da dare an naɗe da safe, kuma ba zan ce ba ya gundura ba. Amma falon nan ne kawai inda dardumar mutum uku za ta shimfiɗu, saboda haka da asuba dole su tashi ko sun ƙi ko sun so, abin da a gida yakan ɗauke ni kira uku.

Duk gadon benen da muka duba sai na cire takalmi na hau na kwanta da kaina, masu sayarwa suna kallona. Da yawa ba su kai tsawon babban mutum ba, kuma yaro ɗan shekara tara ba zai tsaya a tara ba. Katifar soso ce siririya, ka danna da yatsa ka ji katako, mun sauya ta tun kafin fita ta farko. A jikin gadon sama akwai sitikar iyakar nauyi, ka neme ta. Ka duba ko akwai makarin da zai hana yaro faɗowa, ka taka tsanin da ƙafa ba takalmi, don wasu matakalan ƙarfe ne siriri mai cin tafin ƙafa. Ka sa a kunna na'urar sanyi ka ɗora hannu a bakin bututun ɗakin yaran, domin shi ne ya fi nisa da na'urar. Sannan tagar gudun gobara mai jan hannu: mun sa 'yar autarmu ta buɗe ta da kanta muna tsaye. Wata dabarar uwargida kuma, ta sa aka mayar da ɓangarorin tirelar da ke zamewa waje don faɗaɗa ɗaki ciki, kamar ana kan hanya, ta gwada ko za ta kai banɗaki da firji. A wata tirelar teburin kicin ya tare hanyar gaba ɗaya. Da yara huɗu a babbar hanya, wannan kaɗai ya isa a bar tirela.

Ruwa ma sai da muka yi masa lissafi irin namu. Tanki uku ne: na ruwa mai tsabta, na dattin ruwan wanka da wanke-wanke, da na masai. Galan ɗaya na ruwa ya ɗan haura laba 8, don haka galan 60 laba 500 ne, shi ya sa ba ma cikawa sai mun kusa zango. Mutum shida masu alwala sau biyar suna cika tankin wanke-wanke da wuri fiye da yadda littafin kamfani ya zata, sai muka koma yin alwala a waje da buta. Tankin masai kuwa ruwa yake so. Masu amfani da takarda zalla su ne suke fama da toshewa, mu masu buta ba mu taɓa gani ba. Sharaɗin dai ka bar bawul ɗin a rufe har ya kusa cika kafin ka zubar a wurin da aka tanada.

Ban ba wa sunan kamfani muhimmanci sosai ba. Yawancin tirelolin nan a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake haɗa su, kuma kamfanoni uku ne suka riƙe kasuwar: Thor, mai Keystone da Jayco, Forest River, wanda Berkshire Hathaway ya saya a 2005, da Winnebago, wanda ya sayi Grand Design a 2016. Firam da firji da murhu da na'urar sanyi sau da yawa daga masu ƙera iri ɗaya suke fitowa. Samfuran tirela irin su Cougar da Reflection da Eagle duk suna da masu gadon bene, duk mun shiga. Bambancin da ya dame ni shi ne yadda mai ita ya riƙe ta, tunda ta hannu muke nema. Sabuwa a nan da bashi ake sayenta, bashin da yakan kai shekara 15 ko 20 da kuɗin ruwa, a kan abin da darajarsa ke faɗuwa tun ranar da ya bar filin. Mu ba ma cin bashin ruwa, sai muka tara. Lokacin ma ya taimaka: a 2021, da korona ta hana mutane jirgi da otal, masana'antun sun fitar da irin waɗannan motoci da tireloli sama da 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, kuma da yawa daga masu sayen sun gaji bayan shekara biyu sun sa a kasuwa.

Abokin gabar ta hannu yoyon ruwa ne. Wata da muka je gani tana ta ƙamshin turaren ɗaki, amma da na taka kusurwar ɗakin yara sai na ji daɓen ya lotsa, a waje kuma bangon ya yi kumburi ƙarƙashin taga. Ruwa ya daɗe yana shiga ta rufi. Wadda muka saya sai da muka biya mai duba tirela mai zaman kansa ya hau rufin, ya bi bango da na'urar auna danshi, ya gwada gas da birki. Tayoyin suna da zane kamar sababbi, amma lambobi huɗun ƙarshe na jerin da ya fara da haruffan DOT a gefensu, biyu mako biyu shekara, sun nuna sun haura shekara biyar. Tayar tirela tsufa ke kashe ta kafin ta cinye, don haka muka sauya duka huɗun, aka rage mana kuɗin a ciniki.

Da muka loda komai muka hau sikelin CAT da ke gidajen man manyan motoci, wanda ke ba ka nauyin tayoyin gaba da na baya da na tirela daban-daban. Mun tsira, da ɗan rarar da ba ta kai yadda na so ba. Na kuma auna tsayin tirelar da tef tana haɗe da mota, har saman na'urar sanyi, na rubuta a takarda na manna kusa da sitiyari, saboda iyakar doka a Ohayo ƙafa 13 da inci 6 ce, amma tsofaffin gadojin jirgin ƙasa da rumfunan gidajen mai na ƙauye ba duka suka kai haka ba. Wanda ke Teksas ko Kalifoniya ya duba lasisinsa ma, don a can nauyi in ya wuce wani mataki ana neman ƙarin izini.

Akwai kuɗin da ba ya cikin farashi. Dokar unguwarmu ba ta yarda a ajiye tirela a ƙofar gida ba, don haka muna biyan filin ajiya duk wata, har watannin da ba ta motsi. Kafin sanyin ƙarshen Oktoba kuma sai na zubar da ruwan tankunan, na tura ruwan hodar nan mai hana daskarewa cikin kowane famfo, na cire batir na kai gida, in ba haka ba bututun su fashe kafin Afrilu.