Lahadi, 14 ga Yuli 2019: Federer ya fi maki, Djokovic ya ɗauke kofi

Tun ƙarfe biyu na rana nake gaban talabijin, sallar la'asar kaɗai ta tashe ni. Wasan ƙarshe ne na gasar tanis ta Wimbledon, Federer da Djokovic, kuma sai da aka kwashe awa 4 da minti 57 ana gwabzawa.

Kawu ya shigo ana tsakiyar set na farko da kofin shayinsa a hannu. Shi mai son ƙwallon ƙafa ne, wasan Super Eagles da Aljeriya na dare yake jira. Ya ƙura wa allon ido, can ya ce, "Kai, wannan wane irin lissafi ne? Daga 15 sai 30, daga 30 kuma sai 40?" Na ce, "Kawu, haka aka gaje shi." Na zayyano masa: maki na farko 15, na biyu 30, na uku 40, na huɗu ka ci gem. In kun haɗu a 40-40 kuwa, dole sai ka ci biyu a jere. Ka ci ɗaya, abokin karawarka ya rama, kun koma gidan jiya. Gem shida ke ba da set, amma da ratar biyu. Idan aka yi 6-6 sai tayibirek, inda ake ƙirga ɗaya, biyu, uku, wanda ya riga kai bakwai da ratar biyu ya ɗauke set ɗin. Maza a nan, duk wanda ya riga cin set uku shi ne zakara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kowane set da nasa lissafin. Federer ya lallasa Djokovic 6-1 a set na biyu, amma ko maki ɗaya bai bi shi zuwa na uku ba. Djokovic kuwa da ƙyar yake tsira, 7-6 a na farko, 7-6 a na uku, duk ta tayibirek, amma a kan allo nauyinsu ɗaya da waccan 6-1 ɗin.

A set na biyar, wanda a dokar 2019 ba a yin tayibirek a 6-6, Federer yana gaba 8-7, sabis (bugun fara wasa) a hannunsa, 40-15. Maki ɗaya tal ya rage masa, kuma dama biyu gare shi. Kawu ya ajiye kofin a ƙasa ya miƙe tsaye. Djokovic ya cinye maki huɗu a jere, aka koma 8-8. Wallahi na ji wa Federer, mutum mai shekara 37 yana wasa haka.

A wannan shekarar ta 2019 ne Wimbledon ta fara yin tayibirek in set na ƙarshe ya kai 12-12. A da sai dai a yi ta yi har wani ya ba da ratar biyu, kamar yadda Isner da Mahut suka kai 70-68 a 2010, wasan da ya ci kwana uku. Yau an kai 12-12 ɗin, Djokovic ya cinye tayibirek 7-3, kofinsa na biyar ke nan a Wimbledon.

Da aka fito da alƙaluma, Federer na da maki 218, Djokovic 204. Gem 36 da 32. Kawu ya ce wannan zalunci ne ƙarara. Ban yarda ba, ko da yake Federer nake so. Dukansu sun san doka tun kafin su shiga fili, kuma tayibirek uku aka yi, Djokovic bai bar ko ɗaya ba.

Da dare Mahrez ya zura mana bugun tazara a minti na ƙarshe, Aljeriya 2, Najeriya 1. Kawu ya ce in an fara gasar tanis ta US Open a ƙarshen Agusta in kira shi, yana son ya bi lissafin da kansa tun daga farko.