Gardamar dala a inuwar dogon yaro

Shekarata ta biyu da fara koyarwa a wata lakwal ta firamare a unguwar Zango, a nan Damagaram, na yanke hukunci a raina cewa yaran ajina na CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, ba su da kan lissafi, domin duk tambayar da ta shafi saye da sayarwa sai fiye da rabinsu su faɗi. Na yi makonni ina juya maganar ni kaɗai, kuma duk juyin da na yi sai in samu ni ne mai gaskiya. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na yara.

Wata rana lokacin hutun safe, muna shan shayi a inuwar dogon yaro, na kawo kukana gaban abokan aiki. Wani dattijon malami ya ajiye kofinsa ya ce: "Ƙanena, yarinyar da ke talla a kasuwar Dole tana ba da canji ba kuskure, ita ce ba ta iya lissafi ba?" Ya tuna mini abin da na sani tun ina yaro amma ban taɓa kawo shi cikin aji ba, wato mu da dala muke ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Abin da littafi ya rubuta 750, yaro ya san shi da ɗari da hamsin. 100 dala ashirin ce, 1000 kuma jika. Ashe kullum yaran nan suna ninkawa da rabawa da biyar a ka, takarda ce kawai take yi musu wani yare.

Da a nan aka tsaya, da na koma aji na mayar da komai dala. Sai wata malama ta ƙi yarda, ta ce jarrabawa da Faransanci ake yin ta, kuma yaron da ya saba da dala a kan allo zai rubuta 150 inda ake son 750. Raina ya ɗan sosu, don na riga na ƙwallafa rai a kan dabarar, amma hujjarta ba ta da makusa. Muka yi kwana uku muna ja-in-ja, har maganar ta kai taron CAPED, inda malaman lakwal-lakwal na yankinmu ke haɗuwa. Abin da aka tsayar ba na dattijon ba ne, ba kuma na malamar ba: yaro ya fara faɗin amsa da baki a dala, sannan ya juya ta zuwa sefa da hannunsa kafin ya rubuta.

Bayan shekara uku aka kai ni wani ƙauye wajen Tanut, ni ne darakta, ni ne malami. A can duk dabarar da ta zo mini sai in ga ba ta da aibi, kuma wannan ne ya riƙa ba ni tsoro. Na koma tara dabarun a bayan littafin shirin darasi, ranar da na sami rezo in kira malamar nan in ce: "Malama, ga wata kuma, ki nemo mini inda take yoyo."