Hazo da takardar da na sa wa hannu

Ranar da na je ɗauko Hazo, ɗan kwikwiyona jinsin Azawak, matar da ta kiwata uwarsa ba ta bari na taɓa shi ba sai da ta zaunar da ni, ta miƙo mini takarda mai shafi huɗu, ta ce in karanta a natse kafin in sa hannu. Yana da mako goma a lokacin, launinsa kamar yashi, ƙafafunsa kuwa har sun fi jikinsa tsawo. Takardar ta ce an sayar mini da shi ne a matsayin karen gida, ba na gasa ba, ba kuma na iri ba, cewa zan kai shi ajin horo, kuma zan sa likitan dabbobi ya yi masa fiɗiya kafin ya cika wata shida, in aiko da shaida a rubuce. Akwai kuma sharaɗin cewa idan wata rana na kasa riƙe shi, wurinta zan mayar da shi, ba zan sayar ba, ba zan kuma kai shi gidan ajiye dabbobin da aka yasar ba.

Na girma ne a arewacin Tawa, a kan hanyar Abalak, inda irin wannan kare ba baƙo ba ne ga kowa. Shi ne siririn karen nan mai dogayen ƙafafu da ke kwance a bakin bukkokin Abzinawa da rugagen Fulani, yana gadin dabbobi da dare, yana kuma cim ma zomo da barewa idan an fita farauta. Sunan Azawak da Turawa suka ba shi sunan kwarin nan ne da ya ratsa iyakar Nijar da Mali, wanda shanun Azawak masu nono ma suka ɗauki sunansa. An fara kai shi Turai ne a wajajen 1970, kuma Ƙungiyar Karnuka ta Amurka, wadda aka fi sani da AKC, ta karɓe shi cikakken karɓa a farkon 2019, ta sa shi a rukunin karnukan farauta. Yanzu ina zaune a bayan gari a jihar Karolina ta Arewa, ina da 'yan awaki da kaji, kuma gadinsu daga dilan ƙasar nan shi ne dalilin farko da ya sa na nemi kare. Yana da ɗakinsa daban mai ɗumi, nesa da inda muke salla, domin fatarsa ba ta jure sanyin Amurka.

Abin da ya sa Hazo ya zama karen gida alhali 'yan'uwansa biyu sun tafi gidajen masu gasa ƙaramin abu ne a ido, amma babba ne a ƙa'idar masu kiwo. Ɗaya daga cikin marainansa bai sauko ba, ya maƙale a cikin ciki. Matar ba ta ɓoye mini ba, tun a waya ta faɗa, ta kuma rage kuɗinsa saboda haka. A gasar nuna karnuka ta AKC alƙali yana shafa jikin kowane kare da hannunsa, ya duba haƙora, ya auna kafaɗa da ƙirji, kuma duk namijin da ba a samu marainansa biyu a mazauninsu ba ana fitar da shi nan take. Haka nan ba a shigar da karen da aka yi wa fiɗiya ko karyar da aka cire wa mahaifa a neman kambun jinsi. Dalilin shi ne gasar tun asalinta ba ta kyau ba ce kawai, tantance dabbobin da suka cancanci a yi iri da su ce, kamar yadda makiyayi ke ware bijimin da zai bar wa garke. Kafin kare ya zama zakara sai ya tara maki 15 a hannun alƙalai uku ko fiye, ciki har da manyan nasarori biyu a hannun alƙalai daban-daban, kuma duk wannan wahalar ana yin ta ne domin a san wane ne ya dace ya haifi na gaba.

Saboda haka takardar asalin da aka ba ni irin wadda suke kira rajista mai iyaka ce. Hazo yana cikin littafin ƙungiyar da sunan uwarsa da ubansa da kakanninsa, babu mai musun cewa tsantsar Azawak ne, amma idan ya yi barbara 'ya'yan ba za su samu rajista ba, kuma ba zai shiga da'irar nuna siffa, wato filin gasar nuna karnuka, ba. Wadda ta kiwata shi ce kaɗai ke da ikon ɗage wannan iyaka, ni mai shi ba ni da shi.

Abin ya sosa mini rai a farko. Na kira kawuna, wanda ya yi shekaru yana fita farauta da irin waɗannan karnuka, na ba shi labari. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, yana gudu?" Na ce, "Kawu, ai bai isa ba tukuna, amma ƙafafunsa irin na waɗanda kuke da su ne." Ya ce in dai zai yi gudu, zai kuma yi haushi idan baƙo ya doso, to kare ne cikakke, sauran zancen na masu takarda ne. Maganarsa ta kwantar mini da hankali, sai dai da na yi nazari na ga cewa mai kiwon ma tana da hujjarta. Maƙalewar maraina abu ne da ake gado, kuma Azawak ba su da yawa a Amurka, da yawansu dangin juna ne, don haka aibi ɗaya da aka bari ya shiga jini zai iya yaɗuwa cikin 'yan shekaru. Ban taɓa tunanin karya wannan ɓangare na alkawarin ba, kuma ina ganin duk wanda ya sayi kare a farashin karen gida sannan ya koma yana yin iri da shi a ɓoye ya ci amana.

Inda muka yi doguwar magana da ita shi ne lokacin fiɗiyar. A garinmu ana dandaƙe bunsuru ya zama taure, ana fiɗiye sa domin noma, amma ban taɓa ganin an yi wa kare ba, don haka sai da na zauna da likitan dabbobi ya yi mini bayani dalla-dalla. A Amurka an daɗe ana koyar da cewa wata shida ne lokacin da ya dace, kuma wannan koyarwa ta samo asali ne daga yawan karnukan da ake haifa babu mai so, waɗanda ke ƙarewa a gidajen ajiya ana kashe su. Manufa ce mai kyau, amma ba doka ba ce ta duniya duka, domin a Norway dokar kare haƙƙin dabbobi ba ta yarda a yi wa kare fiɗiya ba sai da dalili na lafiya ko na jin daɗin dabbar kanta.

Likitan ya nuna mini cewa a ƙarshen dogayen ƙasusuwan kwikwiyo akwai guringuntsi inda tsawo ke ƙaruwa, kuma sinadaran da maraina ke fitarwa suna cikin abubuwan da ke sa wannan wuri ya rufe a kan kari. Idan aka cire maraina da wuri, ƙashi yakan ci gaba da tsawo fiye da yadda ya kamata, sai daidaiton gaɓoɓi ya ɗan sauya. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, cikinsu har da Benjamin Hart da Lynette Hart, sun wallafa nazari a 2013 a kan karnuka jinsin Golden Retriever, inda suka ga cewa waɗanda aka yi wa aikin kafin shekara ɗaya sun fi samun ciwon kwatangwalo da tsinkewar jijiyar gwiwa. A 2020 suka faɗaɗa nazarin zuwa jinsi 35, sakamakon kuma ya nuna cewa ƙananan karnuka ba su cika samun wannan matsala ba, manya ne abin ya fi shafa. Hazo kare ne da duk rayuwarsa ta rataya a kan ƙafafunsa, namijin Azawak yana kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa alhali nauyinsa bai wuce kilo 20 zuwa 25 ba, don haka ban so a taɓa shi kafin ƙashinsa ya gama ginuwa ba.

Amma barinsa haka har abada ma ba mafita ba ce, kuma wannan ne abin da ya bambanta shi da sauran karnuka. Marainan da ya zauna cikin zafin ciki ya fi saurin kamuwa da ciwon daji nesa ba kusa ba, yana kuma iya murɗewa ya jawo ciwo mai tsanani. Ke nan fiɗiyar Hazo magani ce, ba hana haihuwa kawai ba. Na rubuta wa mai kiwon wasiƙa, na haɗa da bayanin likitan, na roƙi ta sassauta sharaɗin zuwa wata goma sha takwas, na kuma yi mata alkawarin cewa ba zai kusanci karya mai neman barbara ba a tsawon lokacin. Ta amince, muka sa hannu a kan ƙarin shafi guda. An yi aikin yana da wata goma sha shida. Ya fi na yau da kullum girma saboda sai da aka buɗe ciki aka nemo wanda ya maƙale, kuma likitan ya zaɓi maganin barci da kulawa, domin karnuka masu farauta da ido ba su da kitse sosai, wasu tsofaffin magungunan barci sukan daɗe a jikinsu. Ya yi mako biyu ba gudu ba tsalle, sanye da mazurarin roba a wuya don kada ya lashi ɗinkin.

Mutane da yawa sun ce mini fiɗiya za ta sa ya yi sanyi, ya daina ƙyamar baƙi. Ba ta yi ba, kuma bai kamata a sa ran za ta yi ba. Ta rage masa yawan yin fitsari a kowane gindin itace da son fita yawo, amma halinsa na tsare gida yana nan yadda kakanninsa suka bar masa. Abin da ya gyara zamansa da mutane horo ne, kuma a nan ne na fahimci cewa sharaɗi na biyu, wanda na karanta da sauri a ranar farko, shi ne mafi nauyi a cikin takardar.

Azawak kare ne mai kamun kai, ba ya son hannun wanda bai sani ba, kuma idan ba a saba masa da mutane tun yana ƙarami ba, kamun kan yakan rikiɗe ya zama tsoro, tsoro kuma ya zama cizo. Watanni ukun farko na rayuwar kwikwiyo su ne lokacin da ya fi karɓar sabon abu ba tare da firgita ba, don haka ina kawo shi gida na fara fita da shi da shawarar likita, ya ga yara da tsofaffi, ya ji ƙarar mota da jirgin ƙasa, ya taka katako da siminti da ciyawa. Ban taɓa dukansa ba. Wannan jinsi ba ya mance wulaƙanci, tsawa ɗaya mai ƙarfi tana iya sa ya yini bai kalle ka ba. Da ɗan busasshen nama da yabo na koya masa zama da kwanciya da tafiya a gefena ba tare da jan igiya ba, minti biyar sau uku a rana, domin idan aka maimaita abu da yawa sai ya juya kai ya tafi abinsa. Awaki kuwa sai da na yi wata biyu ina shiga garken da shi a ɗaure, har ya gane cewa su na gida ne, ba abin kora ba.

AKC tana da wata jarrabawa ta ladabin kare da ta fara a 1989, mai matakai goma, kuma kowane kare yana iya shiga ko da an yi masa fiɗiya, ko da ma ba shi da asali. Ana duba ko zai bari baƙo ya gaisa da mai shi, ko zai yarda a shafa shi a duba kunnuwansa da ƙafafunsa, ko zai ratsa taron mutane a natse, ko zai zo idan an kira shi daga nisan ƙafa goma, da ko zai zauna da wani amintacce na minti uku mai shi ba ya nan. Hazo ya faɗi a karo na farko a wurin shafawa, ya ja da baya da mai jarrabawar ta kai hannu kansa. Na yi wata huɗu ina roƙon maƙwabta da abokan aiki su zo su tsaya a gefensa, su ba shi nama, su taɓa kafaɗarsa kafin kansa. A karo na biyu ya tsaya cik har aka gama, ko da yake idonsa yana kaina.

Rajista mai iyaka ta rufe masa ƙofa ɗaya ce kawai, sauran wasannin ƙungiyar duk a buɗe suke, kuma a cikinsu akwai wanda ya fi dacewa da shi fiye da da'irar nuna siffa. Shi ne tseren zomon ƙarya, wanda Lyle Gillette da abokansa suka ƙirƙiro a Kalifoniya a farkon shekarun 1970 domin karnuka masu farauta da ido su yi aikinsu ba tare da an kashe dabba ba. Ana ɗaura fararen ledoji a jikin igiya, inji yana janta ta jikin ƙananan tayoyi masu juyawa da aka kafa a fili, tana karkata dama da hagu kamar zomo mai neman tsira, a tsawon da bai gaza yadi 600 ba. Alƙalai suna duba sauri da bin sawu da iya juyi da juriya, kuma ba a karɓar kare sai ya cika shekara ɗaya. Babu mai tambayar ko an yi masa fiɗiya.

Na kai Hazo bayan ɗinkinsa ya warke da wata uku. A gwajin farko kare yana gudu ne shi kaɗai, kuma sai ya yi nasara a gaban alƙalai biyu daban-daban kafin a ba shi shaidar matakin farko. Da na riƙe shi a bakin fili ina jin bugun zuciyarsa a tafin hannuna, kuma da ledojin suka motsa na sake shi, ya miƙe jikinsa ƙasa-ƙasa, ƙafafun baya suna wuce na gaba, irin gudun da na saba gani ina yaro a fakon da ke bayan garinmu. A kwana ta uku ya ɗan zarce, ya gyara, ya bi har ƙarshe, sannan ya taka ledar da ƙafa ya tsaya yana jirana. Wani ya ɗaukar mini bidiyon, da yamma na aika wa kawu ta WhatsApp. Washegari ya turo saƙon murya yana tambaya ko an ba karen ruwa bayan ya huce, ya kuma ce in riƙa duba tafin ƙafafunsa duk lokacin da ya yi gudu a kan busasshiyar ƙasa.