Ɗalibin fiziks, kada ka jira aji huɗu kafin ka taɓa bincike

Yawancin ɗaliban fiziks a jami'o'inmu ba sa haɗuwa da bincike sai a aji huɗu, lokacin da aka raba musu malaman da za su duba aikin kammala karatu. Lokaci ya ƙure, sai gaggawa da kwafe-kwafe. Abin yana da ciwo, domin akwai ayyuka na gaske da ɗan aji biyu zai iya shiga da kwamfuta ɗaya tal.

Mafi sauƙin farawa shi ne farautar duwatsun sararin samaniya a IASC, shirin haɗin gwiwar ƙasa da ƙasa na binciken sararin samaniya, wanda aka kafa a 2006 a Jami'ar Hardin-Simmons da ke Texas a Amurka. Kyauta ne. Ku haɗu ku kafa ƙungiya, ku yi rajista, sai a riƙa turo muku hotunan da na'urar hangen nesa ta Pan-STARRS, mai madubi mita 1.8, ta ɗauka a Hawaii. Zagayen farauta ɗaya kan ɗauki kusan wata guda. Kowane ƙunshi hotuna huɗu ne na wuri ɗaya a sama, an ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Za ka buɗe su a manhajar Astrometrica, wadda aka yi domin Windows, ka sa su riƙa juyawa da sauri. Taurari za su tsaya cik, dutse kuwa zai yi ta matsawa.

A nan masu farawa ke faɗawa rami: duk ɗigon da ya motsa sai su ce sun gano dutse. Dutsen gaske yana tafiya a miƙe, tazararsa daga hoto zuwa hoto iri ɗaya ce, haskensa ba ya sauyawa da fiye da mataki 1 a ma'aunin hasken taurari, kuma ya kamata ƙarfin haskensa ya ninka hayaniyar hoton, wato dishi-dishin da ke cikinsa, aƙalla sau 5. Ɗigon da ya fito a hoto ɗaya ya ɓace a sauran, yawanci lahanin kyamara ne. Wata matsalar kuma, idan ka loda fayil ɗin saiti da bai dace da na'urar da ta ɗauki hoton ba, manhajar ba za ta iya daidaita taurarin da kundinta ba. Daidaitawar tana buƙatar intanet, don haka ka tanadi data, kuma ka tura rahotonka da wuri, kada hotuna su kwana a hannunka.

Ƙungiyar ɗaliban sashe kuma tana iya shirya daren kallon sama a harabar jami'a, amma a yi hankali da zaɓen lokaci. Da damina gajimare ne, daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu ya dushe taurari. Oktoba da farkon Nuwamba sun fi. A zaɓi daren da wata ya kwana bakwai ko takwas, domin a lokacin inuwa ke fito da ramukansa. Idan ya cika, haske ne kawai mai kashe ido. A fitar da na'urar hangen nesa waje minti 30 kafin a fara, ta saba da sanyin dare, in ba haka ba hoton zai yi ta rawa. Ƙaramin madubin saiti da ke jikin na'urar tun da sauran haske ake daidaita shi, a kan wata hasumiya mai nisa. A fara da gilashin leƙawa na na'urar mai milimita 25: a na'ura mai tsawon haske (nisan da madubinta ke tattara haske) milimita 1200, girman abu zai ninku sau 48, wanda ya isa a ga watannin Jupita huɗu. Kaza da 'ya'yanta kuwa sun fi kyau a madubin hannu mai ido biyu. Rana dai kada kowa ya kuskura ya kalle ta ba tare da matatar da aka yi domin ta ba, makanta ce nan take.

Sai SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, wanda da yawa ke ɓatar da watanninsa a ofishin da babu ruwansa da fiziks. Cibiyar binciken makamashi (CERT) ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da injin nukiliya na bincike, NIRR-1, wanda ya fara aiki a 2004 da ƙarfin kusan kilowat 30, ana amfani da shi wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasa, ma'adinai da abinci. Mai son taurari ya nemi cibiyar hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, da ke Nsukka. A rubuta takardar nema tun zango ɗaya kafin lokaci, a kuma faɗi takamaiman abin da ake son koya.

Wanda ya kammala shekara uku yana iya neman shirin bazara na CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai da ke Janiba a Switzerland, na aƙalla mako 8, kuma akan rufe karɓar takardu a watan Janairu. Ana buƙatar wasiƙun shaida biyu daga malamai. Malamin da ya ga rahoton duwatsun da ka auna zai sami abin rubutawa dalla-dalla, saɓanin wanda sunanka kawai ya sani a takardar jarrabawa. Ka je wurinsa tun Nuwamba, da sakamakonka da kwafin aikin a hannu.